A JIƘA FAIFAN GARMAHO, KO A BAR SHI A BUSHE?

Kwanan baya na tafi gaida wani tsohon malamina, wanda ya koya mana lissafi muna yara, ya kuma daɗe yana hedimasta kafin ya huta. Na iske shi a zaure, ga garmahonsa mai aiki da lantarki bisa tebur, ga faya-fayai jibge cikin akwati, shi kuwa ya yi tagumi. Da muka gaisa na ce, "Ranka ya daɗe, lafiya dai ko?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, ɗana! Zauna ka ji da kunnenka."

Ya ɗauko wani faifan Mamman Shata da ya saya tun farkon kama aikinsa, ya ɗora, ya sauke allura. Ga murya, ga kalangai, amma wata ƙara ta rufe su, sai ka ce ana suyar gyaɗa cikin yashi.

Ya ce jikansa ne ya gani a intanet, wai in an yayyafa wa faifai ruwa sa'ad da ya ke juyawa, ƙarar nan duk sai ta mutu. Suka ɗebo ruwan randa suka gwada. Ya ce, "Wallahi ran nan ka ce Shata na zaune nan tare da mu. Na yi ta sa wa yaron albarka. Bayan mako ɗaya na sake ɗora faifan a bushe, sai ga abin da ka ji. Ya fi da muni."

Wannan abu da ya sami malamina ba sabo ba ne. Shekara wajen sittin ke nan Turawa na gardama a kansa. Tun da ya ke akwai malamai da akawuna da yawa cikin masu karatunmu waɗanda suka gaji irin waɗannan faya-fayai, ko aka ba su amanar ajiyarsu, mun ga ya kamata mu warware maganar daki-daki, don kowa ya san abin da ya ke yi kafin ya kai ruwa kusa da faifai.

YADDA FAIFAI KE MAGANA

Thomas Edison na Amurka shi ne ya fara ƙera na'urar da ke kama murya ta kuma maido da ita a ji, a 1877, amma nasa bisa wani abu ne mai siffar gwangwani. Emile Berliner ne ya kawo faifai shimfiɗaɗɗe a 1887. Faya-fayan da kakanninmu suka sani, masu juyi 78 a minti ɗaya, da shalak a ke yinsu, watau wani irin ƙaro da waɗansu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a ƙasar Indiya da maƙwabtanta, a gauraya shi da garin dutse. Suna da nauyi, in sun faɗi kuwa sai su fashe kamar tangaran. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai na robar binil mai juyi 33 da sulusi, a 1949 kuma RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45. Waɗannan na roba su ne maganarmu ta fi shafa.

In mutum ya dubi fuskar faifai sai ya ga kamar layuka ne barkatai. Alhali kuwa layi ɗaya ne tak, ya taso daga baki yana kewayawa har tsakiya. Layin nan wani ɗan siririn kwari ne, kamar kwarin da ke tsakanin kunya da kunya a gona, sai dai faɗinsa bai wuce kaurin gashin kai ba. Da za a miƙe na gefe ɗaya na babban faifai, tsawonsa zai kusa rabin kilomita. Bangon kwarin ba santsi gare shi ba, a lanƙwashe ya ke, nan ya karkata dama, can ya karkata hagu, daidai da yadda muryar mawaƙi ta girgiza iska ran da aka ɗauke ta. Allura, wadda bakinta ɗan ƙanƙanen dutsen daimon ne, tana bin kwarin tana rawa, maganaɗisu da naɗin waya da ke bayanta su mai da rawar ta zama lantarki, lasifika kuma ta mai da lantarkin ya zama murya.

Nauyin da allurar zamani ke dannawa bai fi giram biyu ko kusa da haka ba. Amma fa duk nauyin nan a kan wani ɗan wuri ya ke sauka wanda ido ba ya gani, ga shi kuma a bakin faifai kwarin na wucewa ƙarƙashin allura da gudun wajen santimita 50 a daƙiƙa ɗaya. To, allura ba ta da hankali. Ba ta san bambancin muryar Shata da ƙwayar ƙura ba. Kome ta ci karo da shi, sai ta kai wa lasifika.

INDA ƘARA KE FITOWA

Ƙarar faifai iri uku ce, kuma wajibi ne a rarrabe su, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta fari ita ce ta datti: ƙura, da maiƙon yatsa, da hayaƙi, da fumfuna, waɗanda ke sauka cikin kwari su zauna.

Ta biyu ita ce ta lantarkin da ke taruwa a jikin roba in an goge ta. Malaman makaranta sun san wannan sarai, don sau da yawa su kan goga biro a gashin kai su nuna wa yara yadda ya ke ɗaukar gutsattsarin takarda. Faifai ma haka ya ke. Zare shi daga rigarsa kaɗai ya isa ya tara masa wannan lantarki, ya riƙa jawo ƙura daga iska, yana kuma tartsatsi a bakin allura, ka ji tas, tas. Abin ya fi tsanani inda iska ta bushe. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, gama da hunturu mu ke haɗa biyun gaba ɗaya: ga busasshiyar iska, ga hazon da ta kwaso daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, yana shiga har cikin akwati rufaffe.

Ta uku ita ce ta rauni: karce, ko cin da tsohuwar allura ta yi wa bangon kwari. Wannan ba ta da magani. Abin da ya gutsure daga jikin roba ya tafi ke nan.

DABARAR MUTANEN SUWIZALAN

Tun cikin shekarun 1950 wani Bature a Ingila, Cecil Watts, ya ƙera wani ɗan hannu mai buroshi, ya sa masa suna Dust Bug. A kan kafa shi gefen garmaho, yana bin faifai yana share ƙura kafin allura ta iso, a kan kuma ɗan shafa masa ruwan magani kaɗan don kashe lantarkin nan. Wannan laima ce kawai, ba jiƙawa ba.

Waɗanda suka kai abin ƙarshe su ne mutanen kamfanin Lenco, wanda Fritz Laeng da matarsa Marie suka kafa a garin Burgdorf na ƙasar Suwizalan a 1946. Cikin shekarun 1960 suka fito da wata na'ura mai suna Lencoclean. Bututu ne siriri, a kan cika shi da ruwan da suka kira Supertonic, watau tataccen ruwa gauraye da sifirit, ga ɗan buroshi a bakinsa. Faifai na juyawa, buroshi na tsiyayar da ruwan cikin kwari, allura na biye tana tafiya tsamo-tsamo cikinsa. Abin ya sami karɓuwa ƙwarai a Jamus da Holan da Suwizalan, har Jamusawa suka yi masa kalma ta musamman cikin harshensu. Kamfanin na asali ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, amma al'adar ba ta mutu tare da shi ba. Da faifan roba ya sake farfaɗowa, har a 2022 yawan waɗanda aka sayar a Amurka ya zarce na faifan CD, karo na fari tun 1987, sai samari suka tono tsohuwar dabarar suna yaɗa ta kamar su suka gano ta. Ta nan ta iso zauren malamina.

GASKIYAR MASU JIƘAWA

Kada mu zalunce su, masu jiƙa faifai ba ƙarya su ke yi ba. Ruwa na yin aiki uku, kuma kunne na shaida.

Yana kashe lantarkin da ya taru, domin wannan lantarki ba ya zama a jikin abu mai laima. Yana jiƙa dattin da ke cikin kwari ya yi laushi, allura ta ratsa shi shiru maimakon ta yi tuntuɓe da shi. Yana kuma rage gogayya tsakanin daimon da roba, har shuuu ɗin nan da a ke ji tsakanin waƙa da waƙa ya ragu. Masu goyon bayan abin na cewa ruwan na sanyaya wurin da allura ke taɓawa, sabo da haka faifai da allura su fi daɗewa. Masu suka kuwa na cewa sanyin nan na farat ɗaya shi ke gajiyar da fuskar robar. Kowane ɓangare na riƙe da tasa. Amma akwai magana ɗaya da ɓangarorin biyu suka yarda da ita, har ta zama kamar karin magana a wurinsu: faifan da aka saba sa shi a jiƙe, in ba a wanke shi ba, ba ya sake daɗin ji a bushe.

RANAR BIYAN BASHI

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Ku dubi burtalin shanu da damina. Ran da aka yi ruwa ƙasa ta yi laushi, garke ya wuce ba ka jin ƙarar kofato. Bari rana ta fito kwana biyu, sai ka iske taɓon ya daskare da sawun kofato a jikinsa, ko keke ba ya bi sai da ƙyar.

Haka ya ke cikin kwarin faifai. Ruwa bai fid da datti ba, jiƙa shi ya yi kurum. Allura ta bi ta dama shi da maiƙon yatsa ya zama laka. Waƙa ta ƙare, ruwa ya bushe ya tafi abinsa, laka kuwa ta kwanta a gindin kwari da bangonsa ta ƙanƙame. Ƙurar da a da ta ke sako-sako, wadda buroshi zai iya sharewa, yanzu ta zama kamar yaɓe. Shi ya sa har yau masu sayen tsofaffin faya-fayai a Jamus su kan tambaya ko an taɓa sa faifai a jiƙe kafin su biya kuɗi.

Wannan kuwa ga wanda ya yi da tataccen ruwa ke nan. Wanda ya yi da ruwan rijiya ko na famfo ya ƙara wa kansa wata wahalar. Ku duba gindin butar shayi da ta daɗe a wuta, za ku ga wani farin abu ya manne. Gishirin ƙasa ne da ke narke cikin ruwa, ido ba ya ganinsa sai ruwan ya ƙafe. Shi ne ke zama cikin kwarin faifai.

Allura ma ba ta tsira ba. Daimon ɗin a bakin wani siririn tsinke ya ke, wanda galibi bututun alminiyon ne, sau da yawa kuma da gam a ke riƙe shi. Gindin tsinken na zaune cikin ɗan matashin roba. Ruwa na iya hawa tsinken kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya kai ga matashin da wayoyin da ke ciki. Sifirit kuma na iya sassauta gam, har wata rana mutum ya duba ya ga daimon ya faɗi. Sa'an nan ga takardar tsakiya, mai ɗauke da sunan mawaƙi da lambar faifai, wadda in ta jiƙe sai ta kumbura tawada ta zube. In kuwa an mai da faifai rigarsa da sauran laima, fumfuna ta sami gida.

HATTARA DA NA DA

Duk abin da muka faɗa, a kan faifan roba ne. Faifan shalak mai juyi 78 kuwa, haɗarinsa ya fi haka. Sifirit narkar da shalak ya ke yi. Da shi ma kafintoci ke narka shi su shafa wa katako ya yi ƙyalli. Wanda ya zuba wa irin wannan faifai ruwan da ke da sifirit, ya shafe muryar da ke ciki da hannunsa, ba kuwa mai komo da ita. Waɗansunsu ma takarda ce a tsakiyarsu, ruwa zalla in ya shiga ta baki sai su kumbura.

Akwai kuma wani iri da gidajen rediyo kan yanka da kansu kafin zuwan tef, farantin alminiyon ne ko gilashi da aka shafe da wani baƙin fenti mai laushi. Sau da yawa kwafi ɗaya ne rak a duniya. In ya fara tsagewa, ruwa na shiga ƙarƙashin fentin ya ɗaga shi. Wanda ya tsinci irin wannan, kada ya wanke, kada ya ɗora a garmaho. Ya nemi ma'aikatan gidan ajiyar kayan tarihi.

BATUN MAI

Waɗansu kuma sun ce tun da gogayya ce matsala, a shafa mai. Gaskiya ne an yi magunguna na musamman don wannan. Kamfanin Ball na Amurka ya sayar da wani mai suna Sound Guard cikin shekarun 1970, daga baya kuma aka yi wani mai suna LAST. Amma waɗannan a kan shafa su ne bisa faifan da aka riga aka wanke, su bushe sarai kafin allura ta sauka. Ba su da dangantaka da man keke, ko man gyaɗa, ko man feshin da makanikai ke kwance ƙusa da shi. Irin waɗannan ba su bushewa. Kowace ƙwayar ƙura ta sauka sai ta manne, allura ta riƙa tara dunƙulen baƙin danƙo a bakinta har murya ta dushe. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

HANYAR DA TA DACE

Ruwa ba abokin gaban faifan roba ba ne. Laifin shi ne a bar shi ya bushe da datti a ciki. Wannan ne Percy Wilson, masanin na'ura na mujallar Gramophone ta Ingila, ya lura da shi, ya tsara injin da ke jiƙa faifai, ya goge, sa'an nan ya zuƙe ruwan da dattinsa gaba ɗaya. Keith Monks ya ƙera irinsa a ƙarshen shekarun 1960, gidan rediyon BBC ya yi aiki da shi. Babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ma wanke nasa ya ke yi, da tataccen ruwa da ɗan digon wani sabulun ruwa mai suna Tergitol, a ɗauraye, a busar. Ka ga ke nan masu ajiyar amana wanka su ke yi wa faifai, ba jiƙo ba.

Wanda ba shi da inji, ga yadda zai yi a gida:

Ya nemi tataccen ruwa, watau wanda aka dafa ya zama tururi aka tare tururin ya koma ruwa. A kan same shi a kantin magani. A yi hattara ƙwarai kada a ruɗe da ruwan batir mai asid.

Ya ɗiga sabulun ruwa marar turare, digo ɗaya ko biyu cikin lita guda. Ya shimfiɗa faifai bisa tsabtataccen ƙyalle, ya jiƙa fuskarsa ban da takardar tsakiya, ya dakata minti biyu ko uku datti ya jiƙu.

Ya bi da buroshi mai laushi yana kewayawa yadda kwari ya kewaya, kada ya gitta shi.

Ya ɗauraye da tataccen ruwa zalla, sau biyu. Nan ne aikin ya ke, don ɗaurayar ce ke fid da laka.

Ya tsane shi da ƙyalle marar zare-zare, ya jingine shi tsaye a inuwa inda ba ƙura, har ya bushe sarai. Sa'an nan ya sa shi cikin sabuwar riga, gama mai da wankakken faifai tsohuwar riga kamar mutum ne ya yi wanka ya koma cikin kayan noma.

Bayan haka a riƙa kama faifai ta baki, a ajiye shi tsaye, nesa da rana da zafin kwano.

Wuri ɗaya ne masu hankali ke yi wa jiƙawa uzuri. In faifan roba ya riga ya gaji, an wanke shi ƙara ba ta ragu ba, ana kuwa so a kwashe abin da ke ciki a zuba a kwamfuta sau ɗaya, to waɗansu kan sa shi a jiƙe da tataccen ruwa zalla, da allurar da ba a jin asararta, sa'an nan su wanke shi nan take tun bai bushe ba. Ko a nan ma, a fara ɗaukar sa a bushe tukuna, don a sami abin komawa.

AMANA CE

Mai yiwuwa wani ya ce, duk wannan dogon bayani a kan baƙar roba? To, ba robar ba ce abin ji. Tun tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a birnin Landan, har da na Hausa a ciki. Daga baya aka buga faya-fayan mawaƙanmu a nan gida. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, Allah Ya jiƙansu. Ba mai sake kiransu su maimaita. Ba kowace waƙa ce kuma aka kwashe aka zuba a kaset ko kwamfuta ba. Yana yiwuwa faifan da ke ƙarƙashin gadon wani tsohon akawun En'e, ko cikin kabad ɗin wata makaranta, shi ne ya rage mai kyau cikin irinsa. Akawu ya san ba a gyara tsohuwar takardar ofis da jiƙaƙƙen hannu. Faifai ma takarda ce, sai dai da kunne a ke karanta ta.

Na koma wurin malamina ran Asabar da kwalabe biyu na tataccen ruwa. Ni da jikan nasa muka wanke faifan sau biyu, ruwan ɗauraya na fari ya fito kamar na gulbi da damina. Da la'asar, bayan ya bushe, muka ɗora. Suyar gyaɗa ta tafi, murya ta fito fes. Sai dai wani tas guda da ke dawowa kowane juyi a waƙa ta biyu, wannan yana nan. Malam ya saurara, ya yi murmushi, ya ce, "Bar wannan, ɗana. Ni na karce shi da kaina shekarar da na yi aure, ba laifin yaro ba ne."

Allah Ya ba mu ikon riƙon abin da muka gada, amin.